Kullum ina shara amma ɗakina bai taɓa yin fes ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 21, bikina saura wata uku kuma gaskiya ban iya aikin gida ba don ni ce auta, yayyena ne suke yin komai. Yanzu na fara gwadawa da ɗakina, kullum sai na share na goge amma kafin la'asar ƙura ta dawo, ga wani wari da ko na sa turare baya tafiya. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ki kwantar da hankalinki wata uku ya ishe ki, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun kina gaban Umma. Daga bayaninki na gane kina farawa ne daga ƙasa, kuma iya inda ido ke gani kike sharewa, toh ƙurar da ke dawowa da la'asar ba daga waje take zuwa duka ba, tana nan a kan fanka da labule da saman wadurob, kina kunna fanka sai ta sauko.

Ki ware rana guda da safe, ki buɗe tagogi ki kashe fanka daga makunninta ko da babu wuta don ana iya kawowa hannunki na kai, ki rufe hancinki da ɗankwali ko takunkumi. Ki cire labule da zanin gado da rigunan filo da gidan sauro duk su tafi wanki, katifa kuma a kama miki a fitar da ita rana. Sai ki fara daga sama, yanar gizo a kusurwar silin da doguwar tsintsiya, sannan fukafukan fanka, saman wadurob da akwatunan da ke kai, ragar taga, sai ki sauko kan madubi da durowa da allon gado. Duk wannan da tsumma mai ɗan damshi za ki yi, ki jiƙa ki matse sosai. Wannan kaɗe-kaɗen da ake da busasshen tsumma bana sonsa ko kaɗan, ƙurar tashi kawai take ta yi yawo ta koma inda ta fito, ke kuma ki kwana da atishawa.

Sai kin gama da sama sannan za ki taɓa tsintsiya. Ki janye gado da kujera da duk abin da zai janyu, ki fara daga lungun da ya fi nisa ki nufo ƙofa, da tsintsiyar laushi, kina kwantar da ita ba kina watsa sharar sama ba. Lokacin hunturu, wato daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, ki ɗan yayyafa ruwa kafin shara kuma ki haƙura da barin taga a buɗe duk yini, awa ɗaya da safe ta isa iska ta shiga. Wajen mofin kuma bokiti biyu za ki ajiye, ɗaya na ruwan omo ɗaya na ɗauraya, kuma omon kaɗan, mutane suna ganin yawan kumfa shi ne tsafta alhali in ya bushe a kan tayil danƙo yake bari ƙura ta manne a kai. Ruwa ya yi baƙi ki zubar ki sake, ki riƙa ja da baya har ki fita ƙofa don kar ki taka inda kika goge.

Yanzu maganar wari, nan ne nake so ki natsu. Turare baya kashe wari, haɗuwa suke su ba da wani abu da ya fi na farko muni, dole sai kin nemo inda yake fitowa. In leda ce a ɗakin ki ɗaga gefenta ki duba, sau da yawa ruwan mofin ne yake shiga ƙarƙashi ya kwanta ya ruɓe, sai an naɗe ta an goge simintin an bar shi ya bushe ƙarau. In kafet ne kuma ya taɓa jiƙewa da damina sai an fitar da shi rana. Ki duba bangon bayan wadurob ko ya yi damshi da baƙi-baƙi, in haka ne ki matsar da shi ki bar tazara iska ta riƙa ratsawa. Sai takalma, da kayan datti da ake cusawa a lungu da gumi a jikinsu, da tawul mai laima, da ita kanta mofar in ana jingine ta a jiƙe, ki riƙa wanke ta ki shanya a rana kanta a sama.

Ki daina ajiye abinci a ɗakin kwana, shi ke jawo kyankyaso da ɓera, kuma ɓera ba abin wasa ba ne don ta fitsarinsa da kashinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda ya fi yawa da rani. In kin ga kashin ɓera kar ki share shi a bushe, ki zuba masa ruwan Hypo ya jiƙa tukun ki kwashe da leda a hannu. Ita Hypo da ruwan sanyi ake sirka ta, kuma dan Allah kar ki taɓa haɗa ta da Harpic ko wani abin wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe mutum musamman a banɗakin da ba taga. In kin ga ɗigo-ɗigon baƙi a ɗinkin katifa kuɗin cizo ne, ki wanke shimfiɗa da ruwa mai zafi sosai, a bi tsagogin gadon da tafasasshen ruwa, in sun yi yawa a kira masu feshi. Kar ki bi shawarar masu cewa a fesa Sniper a ɗaki, maganin gona ne, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwa da kantuna. Turaren wuta shi ne na ƙarshe, bayan ƙasa ta bushe an mayar da shimfiɗa, a lokacin ne zai kama labule ya zauna.

Wannan babban gyaran sau ɗaya a wata ya isa, kullum kuma gyaran gado da shara da mayar da komai wajensa, zanin gado duk sati. Sauran aikin gida kuma ki roƙi Umma ta sakar miki aiki ɗaya duk sati ya zama naki ke kaɗai, ki ce wa yayyenki su gyara miki da baki kar su karɓa daga hannunki. Ki fara da wanke-wanke, kofuna da cokula farko tun ruwan bai yi maiƙo ba, sai kwanuka, tukwane a ƙarshe, sati na gaba ki karɓi wanki da guga, na bayansa banɗaki, girki kuma ki riƙa shiga kicin tare da ita kullum tun daga yau don shi ya fi cin lokaci.