Ɗalibaina na tsoron lissafi, in sassauta musu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a SS2, yara sun haura saba'in a ajin. Da na shigo sai wuri ya yi tsit, in na kira yaro allo sai ya daskare ko da jiya ya yi irin tambayar daidai a littafinsa. Abokan aiki sun ce in rage wahalar tes ɗina, amma ai WAEC da NECO ba za su rage musu ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka rage komai a wahalar aikin, gaskiyarka ce, yaro ba zai samu gurbi a yawancin kwasa-kwasan jami'a ba sai da kiredit a lissafi, in ka sauƙaƙa masa yau ka tura shi ya sha mamaki a ɗakin jarrabawa ne kawai. Abin da za ka cire shi ne kunyatawa da gaggawa, don yawanci su yaran ke tsoro ba lambobin ba.

Wannan daskarewar da kake gani abu ne da aka yi bincike a kai. Mark Ashcraft da abokiyar aikinsa a Amurka sun nuna a 2001 cewa fargaba na cinye ɓangaren ƙwaƙwalwa da mutum ke riƙe abu na ɗan lokaci yana aiki da shi. Ka ɗauke shi kamar ɗan ƙaramin allo ne a cikin kan yaro, in tunanin "za a yi min dariya, za a zane ni" ya cika allon, to ina zai rubuta ɗayan da ya riƙe a hannu ya kai gida na gaba? Shi ya sa a littafinsa ya iya, a gaban mutum saba'in ya kasa. Kuma wani bincike na Jami'ar Kambirij a 2018 ya gano kashi 77 cikin ɗari na yaran da ke da tsananin tsoron lissafi makinsu daidai yake da na sauran ko ma ya fi, wato ba daƙiƙanci ba ne sam.

To ka fara da allon aji. Kar ka kira yaro kwatsam, ka ba da tambayar kowa ya yi a littafinsa, ya nuna wa na kusa da shi su yi gardama minti biyu, sannan ka kira, lokacin wanda zai fito ya riga ya san abin da zai rubuta. In ka yi tambaya da baki kuma ka ɗan dakata, wata mai bincike Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kusan sakan ɗaya kawai suke jira, da aka ƙara zuwa uku sai masu amsawa suka ƙaru kuma amsoshin suka yi tsawo. Bulala kan kuskuren lissafi kuwa, don Allah a bar ta, wanda aka zana saboda ya ɓata sau bakwai ba jadawali ya koya ba, ɓuya a bencin baya ya koya.

Inda na fi so ka tsaya shi ne yadda kake duba aiki. A tsarin makin WAEC akwai makin hanya daban, akwai na amsar ƙarshe daban, amma yara da yawa ba su sani ba, da sun ga ba za su kai ƙarshe ba sai su bar shafin fari tas. Ka riƙa yi musu maki haka tun yanzu. Yaro ya samu 2x + 3 = 11, ya rubuta 2x = 14, ya raba ya ce x = 7. Maimakon jan biro ya yi masa ƙaton kuros, ka zagaye 14 ɗin kaɗai ka ce ya mayar da 7 cikin tambayar ya gani, zai samu 17 ba 11 ba, da kansa zai gane ya tara inda ya kamata ya ɗebe, kuma rabawar da ya yi daidai ce, ka faɗa masa hakan. Sai ya gyara ya dawo da shi, ba ka karɓi 7 a matsayin amsa ba, ba ka kuma ce masa bai san komai ba.

Sai dai fa ka bambance mai tsoro da wanda tushensa ne ya rube tun firamare, na biyun lallashi ba zai yi masa komai ba. Ka ba su 'yan tambayoyi goma ba maki, jadawalin sau, rabi da kwata, irin su -3 - 5, za ka ga inda ramin yake, sai ka ware minti goma na farkon darasi kana cike shi. Ga sabon darasi kuma ka shiga ta abin da suka sani: biro 2 da littafi 1 naira 500, biro 1 da littafi 1 naira 350, nawa biro? Yaron da ke zaman shago zai ce 150 kafin ka rufe baki, sai ka ce to rubuta min yadda ka yi da x da y, daga nan ka hau da su har matakin tambayoyin WAEC na shekarun baya.

Tes mai ƙidayar lokaci ma kar ka daina, jarrabawa da agogo ake yin ta, amma ka bari sai sun iya abin tukuna, ka yi ƙanana akai-akai maimakon babba guda a ƙarshen zango. Kafin babbar jarrabawa za ka iya ba su minti goma su rubuta damuwarsu a takarda, masu bincike Ramirez da Beilock sun gwada hakan a 2011 makin masu fargaba ya ɗaga. Iyaye kuma in sun zo taron makaranta ka roƙe su su daina cewa "mu gidanmu ba mu da kan lissafi" a gaban yaran, musamman 'yan mata da aka fi jefa wa wannan maganar.