Tambayi Likita: Kumburin Jijiyar Jini a Ƙwaƙwalwa

Likita, yayata ta yanke jiki ta faɗi, aka ce jijiya ce ta kumbura ta fashe a ƙwaƙwalwarta, wai tun haihuwa jijiyoyinta daban suke. Yaya abin yake?

Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa manyan jijiyoyin jini suna haɗuwa kamar zobe, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a 1664. A littafi zoben cikakke ne, amma fiye da rabin mutane nasu ba haka yake ba: wani reshe ɗaya siriri ne, wani babu reshen sam, wani jijiyar ta rabu biyu ta sake haɗewa. Galibi mutum zai tsufa da haka lafiya lau.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan reshen gefe ɗaya ya tsuke. Ɗayan ne zai ɗauki aikin biyu, jini ya riƙa bugun mararraba ɗaya shekara da shekaru, har bangon ya saki ya yi ƙullutu kamar balan-balan. Ke nan da tsarin aka haife ta, kumburin daga baya ya zo. Hawan jini da sigari su ke ƙarasa ɓarnar.

Ina yawan ciwon kai. Ko ina da shi?

Da wuya, malam. Kimanin mutum 3 cikin 100 na manya suna da irin wannan kumburi, akasarinsu ba ya ciwo, ba ya fashewa. Ranar da ya fashe kuwa, ciwon kan na zuwa farat ɗaya, cikin minti guda ya kai maƙura, irin wanda ba ka taɓa ji ba, sau da yawa da amai da sandarewar wuya. Wannan sai asibiti nan take a ɗauki hoton kai, don kumburin yana iya sake fashewa a yinin farko. Kada a ba mai ciwon asfirin.

Mahaifiyata ta yi wannan ciwo. In je a duba ni?

Idan ita kaɗai ce, ba lallai ba. Idan biyu ne cikin iyaye, 'ya'ya ko waɗanda kuke ciki ɗaya, ina ba da shawarar hoton jijiyoyin kai. In an gano mai haɗari, ana maƙale wuyansa da ɗan ƙarfe ta tiyata, ko a bi ta jijiyar cinya a cushe shi da siririyar waya.