Tafkin Vajont: katangar madatsa ta tsaya, amma kwari ya hallaka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniya, kuma an tura ni koyon aiki a wata madatsar ruwa da ke tsakanin tsaunuka. Na ga hoton madatsar Vajont ta ƙasar Italiya tana tsaye cak, alhali an ce ruwanta ya kashe kusan mutum 2,000. Abin ya hana ni barci, domin duk awon da muke yi kullum a kan katanga muke yin sa. Idan katanga ba ta fashe ba, ta ina mutuwa ta shigo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Damuwarka tana kan hanya, kuma amsarta a taƙaice ita ce mutuwa ta shigo ta dutsen da ke gefen tafkin.

Vajont ƙaramin kogi ne a tsaunukan arewa maso gabashin Italiya, kimanin kilomita 100 arewa da birnin Benis. Yana ratsa wani kwazazzabo mai zurfi da ƙunci kafin ya zuba cikin kogin Piave daura da garin Longarone. Wannan ƙuncin ne ya ja hankalin kamfanin lantarki na SADE, domin da katanga siririya ɗaya za a iya tare ruwa mai ɗimbin yawa. Injiniya Carlo Semenza ya tsara ta, aka gina ta daga 1957 zuwa 1959, tsayinta mita 262, tana cikin mafi tsayi a duniya a wancan lokaci. An yi lissafin tafkin zai riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 150. A gangaren arewa akwai ƙauyukan Erto da Casso, a gangaren kudu kuwa Dutsen Toc.

A daren 9 ga Oktoba 1963, da ƙarfe 10:39, gefen Dutsen Toc mai faɗin kusan kilomita 2 ya ɓalle ya afka cikin tafkin a ƙasa da minti ɗaya. Ƙasa da duwatsun da suka zaftaro sun kai kimanin mita kubik miliyan 260, wato sun fi ruwan da ke cikin tafkin yawa. Wani ɓangare na ruwan ya haura gangaren arewa, wani kuma ya tsallake katangar da tsayin da ya wuce mita 100 a samanta, ya faɗa kwazazzabo, cikin 'yan mintoci ya share Longarone da ƙauyukan da ke kusa. Sama da mutum 1,900 ne suka rasu. Ita kuwa katangar, bakinta na sama kawai ya ɗan guntule.

Kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, a bakin ɗalibai da ma manyan ma'aikata, shi ne zaton cewa madatsa ita ce katanga, kuma muddin kankare bai tsage ba to lafiya lau. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin mai faɗinta ya manta cewa katanga gefe ɗaya ce tak ta kwaryar da ke riƙe da ruwan. Sauran gefunan duwatsu ne da babu injiniyan da ya tsara su, kuma ranar da aka fara tara ruwa an canja musu yanayin da suka shafe dubban shekaru a cikinsa. Duwatsun Toc shimfiɗu ne na farar ƙasa da suka karkata zuwa kwari, a tsakaninsu akwai siraran layukan yumɓu, kuma gangaren kansa ragowar wata tsohuwar zaftarewa ce da ta tsaya tun kafin tarihi. Da ruwan tafki ya hau, sai ya ratsa gindin gangaren, matsin ruwa ya ƙaru a cikin tsagogi, nauyin da ke danne gindin ya ragu, yumɓu ya yi santsi. Ruwan sama da ke shiga ta sama ya ƙara nasa. Duk wannan yana faruwa ne a inda na'urar da ke jikin katanga ba za ta taɓa ji ba, saboda haka ma'aikaci zai iya cika takardar awonsa da alƙaluma masu kyau har ranar da dutse zai sauko.

Kada kuma wani ya ce maka abin ya zo ba zato. Tun a 1959 masanin duwatsu Edoardo Semenza, ɗan wanda ya tsara katangar, ya gano alamun tsohuwar zaftarewar. A ranar 4 ga Nuwamba 1960 ƙasa mai kimanin mita kubik 700,000 ta faɗa cikin tafkin, kuma a wannan kakar wata doguwar tsaga mai siffar harafin M ta bayyana a jikin dutsen. Masani ɗan ƙasar Ostiriya, Leopold Müller, ya nuna cewa abin da ke motsi ya fi ƙarfin a tokare shi. Mutanen Erto suna jin ƙasa tana rugugi, suna ganin bangon gidajensu yana tsagewa. 'Yar jarida Tina Merlin, wadda ta rubuta kokensu a jaridar L'Unità, gurfanar da ita aka yi gaban kotu bisa zargin yaɗa labarin da zai ta da hankalin jama'a, kafin a wanke ta a 1960.

A nan ne kuskuren ya haifi ɗan'uwansa, wanda ya fi shi haɗari. Da aka lura cewa gangaren yana ƙara gudu idan ruwa ya hau, yana kuma lafawa idan ya sauka, sai aka ɗauka an sami linzamin dutsen. Aka haƙa hanyar ruwa ta ƙarƙashin gangaren arewa a 1961 domin ruwa ya samu mafita ko da ƙasa ta zaftaro ta raba tafkin biyu, aka kuma yi gwaji da ƙaramin samfuri wanda ya nuna cewa babu haɗari idan ruwa bai wuce mita 700 sama da teku ba. Gwajin ya ɗauka cewa ƙasar za ta sauko a hankali fiye da yadda ta sauko. A 1963, shekarar da madatsar ta koma hannun hukumar lantarki ta ƙasa, ENEL, aka kai ruwan kusan mita 710. Da motsi ya tsananta a watan Satumba aka fara rage shi, amma wannan karon dutsen bai lafa ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa yana cikin abin da aka koya muku a aji: ruwan da ke waje yana tokare gangare, idan aka sauke shi da sauri sai tokarar ta tafi, alhali ruwan da ke cikin yumɓu bai samu ya tsiyaye ba. Wanda duk ya ce maka maganin gangare mai motsi shi ne a buɗe ƙofofi a zubar da ruwa da gaggawa, bai san aikin ba, ko da wace irin takardar shaida ce a hannunsa. Har awannin ƙarshe ana auna motsin yana ƙaruwa, amma ba a kwashe mutanen Longarone ba, domin lissafin ofis ya ce katanga za ta tare igiyar ruwan.

Shari'a ta ƙare a 1971 da hukunta mutum biyu. Katangar tana nan har yau, bayanta cike da ƙasar Toc, ba ta samar da lantarkin da aka gina ta dominsa.

Saboda haka, ɗana, gobe idan ka gama awon katanga, ka nemi shugabanka cikin ladabi ya nuna maka rahoton binciken duwatsun da ke kewaye da tafkin, da bayanan matsin ruwa a cikin gangare, da iyakar saurin da aka yarda a hau ko a sauke ruwa da shi. Ka taka da ƙafarka ka duba ko akwai sabuwar tsaga a ƙasa, ko itatuwan da suka karkata, ko idon ruwa da ya ɓullo a inda babu shi a da, ka kuma saurari manoma da makiyayan da ke bin gangaren kullum. Abin da ka gani ka rubuta shi da kwanan wata, ka miƙa, ka ajiye kwafi. Sannan ka tambayi wa ke da ikon ba da umarnin kwashe mutanen da ke ƙasan madatsar, kuma minti nawa ruwa zai ɗauka kafin ya iso gare su.