Tsigewa, tuɓewa da sauran tambayoyinku na wannan mako

Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya wai daidai ne a ce "an tsige Trump sau biyu"?

Ba daidai ba ne ɗana, kuma wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kai da kanka ka sani, in an tsige furfura ta bar kai ke nan, babu wani an tsige ta amma tana nan. Abin da majalisar wakilan Amurka ta yi wa Trump a 2019 da 2021 tuhuma ce, aka kai gaban dattawa ba a samu kashi biyu cikin uku ba, mutum ya kammala wa'adinsa. Haka Clinton a 1998. Amma masu fassara labarai cikin gaggawa sai su liƙa "tsige" su wuce, mai sauraro a ƙauye ya ɗauka an kore shi daga fada. In kana son ganin tsigewa ta gaskiya ga gwamna Balarabe Musa, 1981, majalisar Kaduna da 'yan jam'iyyar NPN suka cika ta fitar da shi fit. Shugaban ƙasa kuwa a Najeriya ba a taɓa ba, sashe na 143 na kundin tsarin mulki sai da ya jera sa hannun kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, da kwamitin mutum bakwai da alƙalin alƙalai zai naɗa, da kashi biyu cikin uku a kowane zaure har sau biyu, to wa zai tara wannan alhali jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye?

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi: Tandja tsige shi aka yi? A'a, hamɓarar da shi soja suka yi a 2010.

Sarki fa? Tuɓe shi ake yi, don rawani ake tuɓewa. Masu rubuta "an tsige sarki" su daina don Allah.

Wani kuma yana neman ma'anar "faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa". Haba malam, wannan ai a fili take. Tuna 2002 da majalisar wakilai ƙarƙashin Ghali Na'Abba ta yi wa Obasanjo kurarin tsigewa, aka yi ta hayaniya, manya suka shiga tsakani maganar ta bi ruwa.