Kiɗa a Kunne, Keke a Titi: Amsoshin Likita

Tun da man fetur ya yi tsada a 2023 na lura kekuna sun dawo titunan Jos, kuma yawancin matasan da nake gani a kansu da iyafis a kunne. Wasiƙun wannan makon duk a kan haka suke. Keken feda nake nufi, ba Keke Napep ba.

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kullum a keke nake zuwa Naraguta daga Anguwan Rogo. Ina sa iyafis a kunne biyu don tafiyar ta yi mini sauƙi. Yayana ya ce ganganci nake yi, ni kuwa na ce ai masu mota ma rediyo suke ji. Wa ya fi gaskiya?

Wa alaikumus salam. Ƙanena, yayanka ya fi ka gaskiya. Mai mota yana da madubi uku, ƙarfe ya kewaye shi, ga bel a ƙirji, rediyonsa kuma ba a cikin ramin kunnensa take ba. Kai fa? Yawancin kekunanmu ko madubi ɗaya ba su da shi. Kunnenka ne ke ba ka labarin abin da ke bayanka: tifa ce ko ƙaramar mota, a guje take ko ta rage gudu, ta hagu za ta wuce ko ta riga ta matso ka.

Yi wannan lissafin da kanka. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In waƙa ta sa ka makara wajen jin hon da daƙiƙa biyu kacal, motar ta riga ta ci sama da mita 30. A wajen Farin Gada, inda manyan motocin kayan gwari ke shiga da fita, masu Keke Napep kuma suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, daƙiƙa biyun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Na taɓa duba wani saurayi sa'anka da aka kawo da karaya a kafaɗa, fatar gwiwar hannunsa duk ta saluɓe, tsakuwa ta shige ciki. Muna wanke ciwon yana ta maimaita magana ɗaya: wallahi bai ji komai ba. Direban da ya kawo shi ya ce sau uku yana masa hon. Rami yaron ya kauce wa, sai ya karkata hagu ba tare da ya waiwaya ba, don a ganinsa babu kowa a baya. Wayar iyafis ɗin tana nan rataye a wuyan rigarsa, ɗaya kunnen ya tsinke. Allah ya taƙaita, kansa bai bugu ba, amma semestar nan ya rasa ta.

Wasu ƙasashe sun maida abin doka. Faransa ta hana duk mai tuƙi, har da mai keke, sa iyafis tun 1 ga Yulin 2015, tarar kuma Yuro 135 ce. Kai ba sai ka jira doka ba. Ka sa wayar a jaka, ka sayi madubi ka ɗaura a hagu, ka nemi hular kwano. Kuma ko kunnenka a buɗe yake, kafin ka karkata ka waiwaya, domin ba kowace mota ce ke da ƙara ba.

Likita barka da aiki. Shekarata 41, ina motsa jiki da keke a hanyar Rayfield da sassafe, da iyafis a kunne. Bayan na sauka sai in ji kunnena yana "yiii" na kamar awa ɗaya, maganar mutane kuma kamar daga cikin rijiya. Sanyin Jos ne ko me?

Malam, ba sanyi ba ne. Kunnenka ne ke kai ƙara, kuma ina roƙonka ka saurare shi tun yanzu.

A can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa da ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000. Su ke maida sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, shi ne wannan "yiii" da dushewar ji da kake samu. In sun huta sukan farfaɗo. In kuwa aka ci gaba da dukansu kullum sai su mutu, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ɗigon kunne da zai dawo da shi.

Abin da ya sa masu keke suka fi shiga wannan tarko shi ne iska. Kana gangara, iska na kaɗawa a kunnenka, ga ƙarar injuna, sai waƙar ta nutse, sai ka ƙara mata murya. A ɗaki da ka ji wannan ƙarar da ka zabura ka rage, amma a titi sai ka ga kamar daidai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ba tare da illa ba. Da ya kai 90, lokacin ya koma awa 4 kawai a mako. Wayoyin da ke hannunmu kuwa, in an ƙure su, suna iya wuce 100. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar waya, kuma wayoyi da yawa suna nuna gargaɗi idan za a haura. Yawancinmu danna "to" muke yi mu wuce.

Ka ajiye iyafis na mako biyu, ka hau kekenka haka nan. Idan ƙarar ta ɗauke, ka gano mai laifi. Idan ta zauna, ko ka ga kana yawan cewa "na'am?" a cikin taro, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko wani asibiti mai na'urar gwajin ji, a auna ka. Abu ɗaya ne ba ya jira: in ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, a ranar za ka ga likita, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko.

Na san kiɗa yana ƙara kuzari wajen motsa jiki, wannan gaskiya ne. A kan keken cikin ɗaki wanda ba ya zuwa ko'ina, ka sha kiɗanka da matsakaiciyar murya.

Salam Likita. Ni ba waƙa nake ji ba, karatun Alƙur'ani ne ko labarun safe, kuma a kunne ɗaya, daga Gangare zuwa shagona a Taminus. Shi ma da matsala?

Alhaji, Allah ya ba da lada. Kunne ɗaya ya fi biyu sauƙi, amma da sauran magana. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta abin da kunnuwa biyu suka ji, wanne ya riga ji, wanne ya fi ji da ƙarfi. Da ka toshe ɗaya za ka ji hon, amma ba lallai ka san ta ina ya fito ba. Sannan magana ta fi kiɗa riƙe hankali. Mai bin aya ko mai sauraron labari zuciyarsa tana can, idonsa ne kawai ke titi. Amsa kiran waya ya fi duka muni.

In dole ne, ka sa a kunnen dama ka bar na hagu, tunda tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, motoci ta hagunka suke wuce ka. Ka rage murya yadda za ka ji ƙarar tayarka a kwalta. Da ka doshi cunkoson Taminus ka cire gaba ɗaya. Ni dai da za ka bi tawa, ka bar karatun sai ka buɗe shago ka zauna, ka saurare shi da natsuwar da ta dace da shi.

Likita, ɗana mai shekara 13 kawunsa ya kawo masa hedifon mai kashe hayaniyar waje. Da shi yake zuwa aike a keke. In ƙwace?

Hajiya, kada ki ƙwace, amma ki hana shi hawa keke da shi, ko da aiken bakin layi ne. An ƙera wannan hedifon ne musamman don ya danne irin gurnanin inji, wato ainihin sautin da yaro ke buƙatar ji a titi. A ɗaki kuwa yana da amfani, don ba sai ya ƙure murya ba. Ga yara, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya desibel 75 ne, kuma a saitin wayoyi da yawa akwai wurin da za ki iyakance ƙarfin sauti.

Akwai wani iri da ba a sa shi cikin kunne, a kan ƙashin gaban kunne yake zama, ramin kunnen a buɗe. Ya fi dacewa da babba mai keke, sai dai shi ma yana raba hankali. Ɗan shekara 13 bai gama ƙwarewa wajen auna gudun mota ba, don haka ko shi ban yarda masa ba.

Kunnena yana ƙaiƙayi da ɗan ruwa-ruwa tun da na fara aron iyafis ɗin abokina. Me zan ɗiga?

Kada ka ɗiga komai, ba man zaitun ba, ba ruwan albasa ba, kuma ka daina sosawa da tsinken ashana ko gashin kaza. Gumi da toshewa suna sa fatar ramin kunne ta kumbura, aro kuma yana ɗauko ƙwayoyin cuta daga kunnen wani. Ka maida masa kayansa, ka kiyaye ruwa shiga kunnen wajen wanka, ka je a leƙa ciki a tabbatar dodon kunnen bai huje ba kafin a rubuta maka magani. In da zazzaɓi ko kumburi a bayan kunne, yau ɗin nan za ka je.