Me ya sa kwamfuta ke ja wa "The committee are" layi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga aikin kammala karatuna a Word, sai na rubuta "The committee are divided on the matter." Nan take ya ja wa "are" layi shuɗi, wai in mai da shi "is". Alhali malamin Turancinmu na sakandare ya koya mana cewa "are" ma daidai ne. To wa zan bi, malamin ko kwamfutar? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam, malama. Malaminki bai ɓatar da ke ba. Mai yiwuwa kwamfutarki a kan Turancin Amurka take, domin yawancin kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu da shi suke zuwa, mu kuma a makaranta Turancin Ingila aka koya mana, shi WAEC da NECO ke bi.

Kalmomi irin su committee, team, family, government da audience suna ne ɗaya da ya tattaro mutane da yawa. Ba'amurke kusan kullum tilo yake ɗaukarsu: "The team is ready." Baturen Ingila kuwa ma'ana yake dubawa. In taron ya yi abu da murya ɗaya, sai ya ce "The committee has approved the budget." In kuma kawunansu sun rabu, kamar yadda jimlarki ta nuna, sai ya ce "are", don kwamiti ba ya saɓa wa kansa, mutanen cikinsa ne ke saɓa wa juna. Saurari masu sharhin ƙwallo na BBC, za ki ji "Arsenal are winning", ko "Nigeria have scored". Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna cewa "jama'a ta watse", muna kuma cewa "jama'a sun watse", ba wanda zai tsayar da ke.

Gyaran bai da wuya. Danna Ctrl da A tare don ki zaɓi rubutun gaba ɗaya, ki shiga Review, sai Language, sai Set Proofing Language. Zaɓi English na United Kingdom, ki danna Set As Default don kada gobe ki sake wannan wahala. Kada ki tsallake Ctrl da A ɗin nan. Word yana liƙa wa kowane yanki na rubutu harshensa, shi ya sa wanda ya kwafo sakin layi daga intanet zai ga rabin takarda na bin Ingila, rabi na bin Amurka. In Grammarly, manhajar gyaran rubutun Turanci, kike amfani da shi, shi ma yana da wurin zaɓen irin Turancin a cikin saitinsa.

Ko bayan haka layin na iya dawowa, domin na'ura ba ta san abin da ke ranki ba. Ki danna Ignore ki wuce. Abin da mai duba aikinki ba zai yafe ba shi ne ki fara da tilo ki ƙare da jam'i, kamar "The committee has submitted their report." Ko dai "has" da "its", ko "have" da "their". Ni dai in ina gudun gardama da mai jan biro, sai in rubuta "The members of the committee are divided", shi ke nan an kashe bakin tsanya.

Tambaya: Malam, na sa wayata a Turancin Ingila kamar yadda ka taɓa ba da shawara, amma har yanzu in na rubuta "The police is coming" sai ta nemi gyara ni. Ko saitin bai kama ba? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, saitin ya kama, wannan karon wayar ce ke da gaskiya. Police, people da cattle jam'i ne a Ingila da Amurka duka, saboda haka "The police are coming" za ka rubuta. Na san idonmu ya saba da "Police is your friend" a bangon ofisoshin 'yan sanda, amma kada ka kai shi takardar neman kwangila. In mutum ɗaya kake nufi, "a police officer" ne. Haka ma ma'aikacin shagonka guda ɗaya "a member of staff" ne, in kuma su goma ne "staff" ɗin nan dai za ka ce, ba a ƙara masa "s".