Amsa: Firamaren unguwa ko ta Tudun Maliki?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki mai shekara 6 ba ya ji sosai, kina tunanin ko ki sa shi a firamaren unguwa ko ki kai shi makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano.

Kafin komai, a kai shi sashen kunne na asibiti a auna jin nasa, domin amsar tana can. In da sauran ji, kuma na'urar kunne tana taimakonsa, firamaren unguwa za ta iya yi, amma da sharaɗi. Ki je da kanki ana cikin darasi, ba lokacin tara ba. Ki ga yawan yaran ajin, ki ga ko malamin zai yarda ya zaunar da shi a gaba, ya riƙa fuskantarsa in yana magana. Aji mai cunkoso da hayaniya, yaro irin naki zai shekara ana cewa ba ya ganewa, alhali ji ne bai yi ba.

In kuwa jin ya yi nisa, ni dai Tudun Maliki zan zaɓa, saboda a can da maganar hannu ake koyarwa. Sai dai ku ma a gida ku koya, don alamun makaranta sun bambanta da waɗanda kuka saba yi masa.

Idan hedimasta ya ƙi karɓarsa, ki kai kuka ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta hana wannan wariyar.